Likitan da Ya Halatta wa Malam Manshanu

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Hantsi ne, zafin Jimeta ya riga ya sauko, irin wanda ko kaji ba sa son motsi. Da na ga Alhaji ne mai kiran sai na yi mamaki, domin shi aminin maigidana ne, ba ya kirana sai ranar salla.

"Hajiya," in ji shi, "sai haƙuri. Bawana ya faɗi."

Haka yake kiran Malam, maigidana. Alhaji Babarbare ne mai shagon huluna da turare a kasuwa, Malam kuwa Bafulatani, saboda haka tun kafin a kawo ni gidan nan na Luggere kowannensu ke cewa shi ya sayi ɗan'uwansa. Ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakin Alhaji babu dariya a bayanta ba sai ranar.

Na yi salati, sannan na ce, "To, alhamdulillahi tunda a asibiti abin ya same shi. Likitansa yana kusa?"

Ranar asibitin Malam ce. Ni na goge masa farar shadda da safe, na raka shi har bakin layi ya hau keke napep.

Ta cikin wayar na jiyo mai yana ƙara a kasko, da muryar wata mata tana cewa ga ragon ruwa mai zafi.

"Ba a asibiti muke ba, Hajiya. Muna bakin kogi, wajen masu suyar kifi."

Sai na ɗan koma baya a labarin, in ba haka ba ba za a gane yadda mai hawan jini ya bar gida zuwa ganin likita ya ɓulla gaban kasko ba.

Malam direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ana saura 'yan shekaru ya bar aiki aka shigar da su tsarin inshorar lafiya. Ana cire wani abu daga albashi, a ba mutum kati, in ya je asibitin da aka rubuta shi a duba shi, a ba shi magani da sauƙi. A zuwansa na farko aka gano hawan jinin. Ciwon bai dame shi ba kamar yadda katin ya burge shi. Kusa da lasisinsa yake ajiye shi, in Alhaji ya zo hira sai ya zaro ya kai masa har gaban hanci.

"Ka gani? Gwamnati ta san da zamana. Kai wa ya san da kai, in ban da ƙudan kasuwa?"

Alhaji ya ce, "Ai dole a yi wa bawa shaida, kada ya ɓata."

Likitan wancan lokacin ya hana gishiri, ya hana maiƙo, ya hana goro. Ni kuwa na riƙe maganar da hannu biyu. Tukunya biyu nake ɗorawa, tamu da tasa. Malam yakan ɗanɗana miyarsa ya ɗago kai ya ce, "Wannan miya ce, ko ruwan da aka wanke tukunyar miya?" Amma yana ci, yana shan magani, jinin kuma ya sauka.

Da ya yi ritaya, 'yarmu ta fari, wadda ke koyarwa a cikin garin Yola, ta zo gaishe shi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, katin asibitin nan zai ci gaba da aiki kuwa?"

Bai dube ta ba. Dama ba ya dubanta, ba ya kuma kiran sunanta, kunyar 'yar fari. Bango ya ba amsa.

"A gaya wa malamar makaranta, mutum ne ke ritaya, kati ba ya ritaya."

Muka yi dariya, magana ta wuce. Ni karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba. Abin da Malam ya faɗa game da gwamnati, a wurina shi ne gwamnati.

Ranar asibiti ta ci gaba, wata-wata. In na ce zan raka shi sai ya ce likita ba ya son taro. Sau ɗaya muka hau keke tare, za ni barka a Alkalawa. Da idona na ga ya sauka a ƙofar asibitin, ya ba maigadi hannu, ya shige yana ɗaga mini sanda. Ban san akwai ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita titin kasuwa ba.

Ba a daɗe ba ya dawo da labari, wai an canja masa likita.

"Wannan a waje ya yi karatu," in ji shi. "Ya ce wancan da tsohon ilimi yake aiki."

Sabon likita ya fara da gishiri, wai a riƙa sa gwargwadon abin da yatsu za su tsinka. Wata na zagayowa ya halatta goro bayan la'asar. Daga nan sai manshanu. Malam ya zauna a kan tabarma, ya cire hula, ya yi mini bayani a natse kamar mai karanta wasiyya.

"Ya ce jikin Bafulatani da manshanu aka gina shi. In aka yanke masa gaba ɗaya sai jijiyoyi su bushe, su riƙa ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai."

Na ce, "Haka ya ce?"

"Har da ƙarar ya kwatanta mini."

Da damina ta matso na ce ya hau ya gyara indararo, sai ga shi likita ya hana hawa tsani. Da na yi ƙorafin yawan fitarsa, wata mai zuwa ya dawo fuska a murtuke, ya ce yau an yi masa faɗa sosai a kaina.

"A kaina?"

"Ya ce babu abin da ke tayar da hawan jini kamar a tambayi mutum ina za shi. Ya fi gishiri illa."

Maƙwabciyata, wadda duk layin ke kira Madam, tsohuwar malamar firamare ce, Kirista daga kudancin jiha, ita ma da nata hawan jinin. Ta katanga muke hira, da Hausarta da ba ta raba ka da ki. Ranar da ƙanshin manshanu ya tsallaka mata ta leƙo.

"Hajiya, wannan likita naka, don Allah ka tambaya mini sunansa. Nawa ya hana ni komai, sai ruwa da addu'a ya bari."

Na kai wa Malam saƙo. Ya ce a ba Madam haƙuri, layin likitan ya cika, ba ya karɓar sababbi. Na ce to ko kamanninsa ya faɗa mini. Ya ce dogo ne, baƙi, da zane a fuska, kuma akwai shi da son turare.

Na ce, "Ashe Babarbare ne."

Ya ce, "To, ko a cikinsu akan dace da mai hankali, jefi-jefi."

Ba zan ce na gaskata duka ba. Manshanun nan rabin abin da aka ce nake sawa, gishirin kuwa yatsuna ƙanana ne. Na san Malam da ƙarin gishiri a magana tun yana saurayi, na ɗauka likita na faɗin ɗaya yana mai da ita uku. Abin da ban taɓa shakka ba shi ne zuwa asibitin. Yana dawowa da ƙwayoyi a 'yar farar leda, an ja mata layi na safe da na yamma, kuma a gabana yake yin bisimilla ya haɗiye. In na ce yaya awo, sai ya ce, "Ya ce jinina ya kwanta kamar na jariri."

Haka muke har ranar da Alhaji ya kira.

Ban san yadda na isa bakin kogi ba. Daga baya Madam ta ce a bai-bai na yafa mayafi. Na tarar da shi kwance a benci ƙarƙashin rumfa, kansa a cinyar Alhaji, mata masu suya suna yi masa fifita da faifai. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Farar shaddar da na goge duk mai da yaji. Idonsa a buɗe yake, kuma ya gane ni, domin da ya gan ni sai ya miƙa hannun da ke motsi a hankali, ya tura takardar kifin ƙarƙashin benci.

Aka sa shi a keke. Alhaji ya ce akwai ƙaramin asibiti nan kusa, mu fara tsayawa can.

Na ce, "A'a. A kai shi nasa. Can katinsa yake aiki, can likitansa ya san shi."

Alhaji ya buɗe baki. Na ga ya dubi Malam, Malam kuma ya kafe shi da ido. Sai ya rufe bakin, ya ce wa mai keke ya yi sauri. Muka wuce asibitin kusa, muka faɗa cunkoson kasuwa, muka tsaya, muka matsa, muka sake tsayawa. Wannan wurin ne ba na iya ba da labarinsa da dariya. Ko lokacin da muka ɓata a hanya ya ƙara wani abu, ko bai ƙara ba, babu likitan da ya faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Da muka isa aka shige da shi ɗakin gaggawa. Na zaro katin daga aljihunsa na nufi tagar masu inshora. Wata matashiya ta karɓa, ta danna kwamfuta, ta sake dannawa.

"Mama, wannan ai an rufe shi tun da Baba ya bar aiki. Rabonsa da ganin likita a nan ya daɗe."

Na ce ta sake dubawa, duk wata yana zuwa, in ba ta yarda ba a tambayi maigadi. Maigadin na kusa, ya taimaka wajen ɗauko shi daga keke. Ya ce, "Baba mai wucewa? Ƙwarai na san shi. Mutumin kirki. Duk wata sai ya gaishe ni, ya bi ta baya ya fita."

Kafin in gama haɗiye wannan aka ce likita na nemana. Mace ce, 'yar gajeruwa, da tabarau. Ta tambayi maganin da yake sha. Na miƙa mata farar ledar da na zaro daga aljihunsa tare da katin. Ta zazzage a tafin hannu, ta juya ƙwaya ɗaya.

"Mama, wannan bitamin ne. Ina na hawan jinin?"

Na ce shi ne wanda abokin aikinta ke ba shi. Ta ce wanne? Na ce dogon nan, baƙi, mai zane, wanda ya yi karatu a waje. Don in taimaka mata ta gane shi sai na shiga lissafa mata dokokinsa, gishiri, goro, manshanu, har da batun jijiyoyi masu ƙara. Ina cikin maganar tsani ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Mama, ba mu da likita mai wannan kama. Kuma in akwai shi a wani wuri, ya kamata a kama shi."

Sai a lokacin hancina ya gaya mini abin da kaina ya kasa. Duk barandar ƙanshin turare take. Na waiwaya. Alhaji na tsaye jikin ƙofa, dogo, baƙi, da zanensa, ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar yau ya fara ganin irinta.

Na ce, "Alhaji."

"Na'am, Hajiya."

"Kai ne ka yi karatu a waje?"

Ya sauke kai. "Ina dai zuwa Garwa ta Kamaru sarin turare, Hajiya."

Na nemi benci na zauna.

A bencin nan ya faɗa mini sauran, yana tsaye, bai yarda ya zauna ba. Ya ce tun watan farko bayan ritaya aka gaya wa Malam a wannan tagar cewa katin ya daina aiki. Daga nan shagonsa ya wuce, ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Da farko yana sayen maganin gaske a kyamis in fansho ya fito. Da fanshon ya fara jinkiri sai ya koma raba ƙwaya biyu, daga baya ya ce ai jikinsa garau yake, ya koma bitamin don a ga yana haɗiyar wani abu. Alhaji ya ce ya sha cewa zai saya masa, Malam ya ce ubangida ba ya cin na bawa.

"Dokokin kuwa, wallahi ba ni na ƙirƙira ba. Shi ke tsara abinsa muna cin kifi, ya ce likita ya amince? In ce ya amince. Ni na ɗauka wasa muke." Ya share fuska da hannun riga. "Da ma na karya rantsuwar nan na yi kaffara, Hajiya. Azumi ne kawai. Ko ɗazu a keke."

Na tashi na koma ƙofar ɗakin gaggawa.

'Yarmu ta iso daga Yola da alli a hannun rigarta. Ita ta tsaya kan komai, ta sayi abin da aka rubuta. Da ta ji labarin ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ta sani, maganin nan ba zai gagare ta ba, kuma akwai tsarin da wanda ya bar aiki ke shiga ya riƙa biya da kansa, da tuni ta yi masa. Ita ta saki jiki ne saboda an ce mata kati ba ya ritaya.

Alhaji ya ce, "Na faɗa masa haka. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar mutane a mota, ba zai zama kaya a bayan motar 'yarsa ba. Wadda ko sunanta bai iya kira, ta yaya zai buɗe baki ya ce ta saya masa magani?"

Ta juya mana baya ta daɗe tana kallon bango.

Malam bai tafi a wannan faɗuwar ba. An sallame mu da shanyewar ɓarin jiki, ya yi damina guda a gida. 'Yarmu ta yi mana rajista mu biyu, kuma ba ta yarda da bakin kowa ba, da ƙafarta ta je tagar ta ji an ce sunayenmu sun hau. Magani na gaske ya dawo, miya ta koma ruwan wankin tukunya. Madam ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, ka gaya wa Baba na fasa neman likitansa. Nawa mugu ne, amma ina nan."

Alhaji kullum bayan la'asar yana zuwa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu da farko. Hukuncin da na yanke masa shi ne, duk abin da Malam zai ci, shi ma shi zai ci, a kwano ɗaya. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan naɗe hannun riga ya cinye miyar nan tas, har ya ce Allah ya yi albarka. Ya ma fi ni tsanani. Shi ke fara ɗanɗanawa, in ya ji alamar gishiri ya ce a mayar. Ya daina shigowa da goro a aljihu.

Harshen Malam ya ɗan dawo, a karkace amma ana ganewa. Farkon cikakkiyar maganar da ya yi, ya dubi Alhaji ya ce, "Likitan nan ya lalace. An saye shi."

Alhaji ya ce, "An kore ni daga aiki, bawana. Yanzu ni maigadi ne."

"Ko can... ba ka iya komai ba."

Ranar Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya fita zaure ya daɗe bai dawo ba.

Ni tambaya ɗaya ce ta tsaya mini. Ɓoye wa 'yar fari na gane shi, haka aka tarbiyyantar da su. Amma ni fa? Ni da na san ranar da fansho ya fito da ranar da bai fito ba, na san inda yake ɓoye goro, na rufa masa asiri a abubuwan da suka fi wannan. Da ya faɗa mini, ni zan je wurin yarinyar, ba sai ya buɗe baki ba. Ko ɗan kunnena ne sai in kai kasuwa.

Duk sanda na kawo maganar sai harshen ya yi nauyi. Mutumin da yanzun nan ya gama zagin kakannin Barebari tiryan-tiryan, sai ya koma nuna bakinsa da yatsa yana girgiza kai, wai ba ya fita. In na tashi zan bar ɗakin kuma in ji ya ce a miƙo masa rediyo, sarai.

Wata safiya ina shafa masa man zafi a hannun da ya saki, na sake tambaya. Na ce, "Malam, ba faɗa zan yi ba. So nake in sani kawai."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce, "Likita ya ce... kada a yi mini tambaya mai nauyi."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, har hawaye ya gangaro ta ɗaya gefen. Na share masa. Da ya natsu ya kama yatsuna da hannun hagu.

"Bari in ji sauƙi. Zan faɗa miki. Maganar tana da tsawo."

Na ce to.

Bayan ɗaukewar ruwa ciwon ya sake bugunsa, da safe, yana zaune a kujerarsa. Wannan karon asibitin da ya fi kusa muka nufa, ba a tsaya neman kati ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Alhaji ne ya yi masa wanka.

Yanzu in mace a layinmu ta ce mini maigidanta na da kati, nakan ce ta bi shi ranar asibiti har gaban likita, ta kuma tsaya a taga ta ji da kunnenta. Suna dariya, suna cewa Hajiya ta zama 'yar sanda. Ba na yi musu dogon bayani.

Da na fita takaba Alhaji ya zo gaisuwa, ya tsaya daga zaure. Na tambaye shi ko Malam ya taɓa faɗa masa dalilin da ya sa ni ma ya ɓoye mini. Ya ce wallahi bai taɓa ba, ya tambaye shi a bakin kogi ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce masa bawa ba ya shiga tsakanin ubangidansa da iyalinsa. Wannan karon na yarda da Alhaji.

Maganar da Malam ya ce tana da tsawo, ko farkonta ban ji ba.